Leo Silard, mutumin da ya fara hango bom ɗin ƙare-dangi

Idan aka tashi lissafa waɗanda suka haɗa bom ɗin nukiliya na farko, sunan Oppenheimer ne ke fara zuwa baki, sai na Einstein, wanda ma bai taɓa saka hannu cikin aikin ba. Ba a cika tunawa da Leo Szilard ba, wanda ake furta sunansa Silard. Alhali shi ne ya fara gano hanyar da bom ɗin zai bi ya tashi, shekaru 12 kafin a jefa shi kan Hiroshima. Shi ne ya tsara wasiƙar da ta tada gwamnatin Amurka daga barci, kuma shi ne daga baya ya yi ta yawo da takarda yana neman sa hannun abokan aikinsa don kada a jefa makamin kan jama'a. Ya gwada ɓoye sirrin, sirri ya fita. Ya gwada hana a yi amfani da shi, ba a saurare shi ba. Hanyar da ta rage, wadda shi da abokansa suka nuna tun 1945, ita ce duniya ke bi har yau wajen hana makamin yaɗuwa da hana shi faɗawa hannun ƴan ta'adda.

An haife shi ranar 11 ga watan Fabrairu na 1898 a Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, cikin gidan Yahudawa masu rufin asiri. Mahaifinsa injiniya ne. Yaron ya yi fice a lissafi tun yana ƙarami, amma yaƙin duniya na farko ya katse masa karatu, aka ɗauke shi soja a 1917. Murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a 1918 ita ce ta zama sanadin tsirarsa, don an maido shi gida jinya, sannan daga baya ya samu labarin cewa kusan dukkan rundunarsu ta halaka a fagen daga. Da yaƙi ya ƙare Hangari ta rikice, ɗalibai masu tsananin kishin ƙasa suka tare ƙofar jami'a suka hana Yahudawa shiga. A ƙarshen 1919 ya bar ƙasar ya nufi Berlin.

Berlin ta wancan zamani ita ce matattarar manyan masanan kimiyya. Einstein na can, Max Planck na can, haka ma Max von Laue wanda a hannunsa Silard ya samu digirin dokta a 1922. Shi da Einstein suka shaƙu har suka ƙirƙiro wani irin firigo tare, bayan sun karanta a jarida cewa iskar gas ɗin firigo ta zubo ta kashe iyali guda cikin dare. Firigon nasu bai shiga kasuwa ba. Haka galibin dabarun Silard suke: zai hango abu, ya rubuta shi, ya nemi takardar mallakar fasaha, kafin a gama magana ya wuce zuwa wani abu. Bai son ɓata hannunsa a ɗakin gwaji, bai ajiye gida ba, rayuwarsa kusan duk a ɗakunan otel ya yi ta, kuma ya kan shafe awoyi cikin bahon wanka yana tunani. Abokan aikinsa da yawa sun ɗauke shi mutum mai katsalandan da girman kai, kuma ba duka ne ƙarya ba.

Amma yana da wata baiwa da masu digiri da yawa ba su da ita, wato jin ƙanshin masifa tun tana nesa. A lokacin da Hitila ya hau mulki a watan Janairu na 1933, Silard na da akwatuna biyu a ɗaure ya ajiye a ɗaki. A ƙarshen watan Maris ya hau jirgin ƙasa zuwa Vienna, jirgin kusan babu kowa. Washegari jirgin ya cika maƙil, kuma aka tsayar da shi kan iyaka ana binciken fasinjoji. Daga nan ya wuce Landan, inda ya taimaka aka kafa wata ƙungiya mai nema wa malaman jami'a da aka kora daga Jamus wuraren aiki, shi kuwa bai da aikin kansa.

A Landan ɗin ne, cikin watan Satumba na 1933, ya karanta a jaridar The Times cewa Ernest Rutherford, babban masanin ƙwayar zarra na lokacin, ya yi watsi da batun samun makamashi daga cikin zarra, ya ɗauke shi zancen banza. Silard mutum ne da ba ya son a ce abu ba zai yiwu ba. Yana tafe yana juya maganar a ransa, ya tsaya a wata mararraba ta titin Southampton Row yana jiran fitila ta ba masu ƙafa hannu, sai dabarar ta faɗo masa.

Ga yadda take. Kowane abu na duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ake kira zarra, kuma kowace zarra tana da cibiya. Shekara guda kafin nan, a 1932, an gano wani ɗan ƙanƙanin abu mai suna nutron da ke iya kutsawa cikin wannan cibiya ba tare da an tunkuɗe shi ba. Silard ya ce a ransa, idan akwai wani sinadari da in nutron ɗaya ya shiga cibiyarsa biyu za su fito, to biyun nan za su shiga wasu cibiyoyi su fito da huɗu, huɗu su fito da takwas. Kamar wutar daji ce a lokacin kaka, kara ɗaya ya kunna biyu. Bambancin shi ne nan ninkin yana faruwa sau tamanin kafin ƙiftawar ido, kuma kowane ninki yana sakin zafi. In an iya riƙe shi, an samu wutar lantarki. In an sake shi, an samu bom. Silard ya ga fuskokin biyu a lokaci guda, musamman da yake shekara guda kafin nan ya karanta wani littafin ƙagaggen labari na H. G. Wells da ya siffanta yaƙin da aka yi da irin waɗannan bama-bamai.

Abin da ya yi bayan nan shi ke nuna irin mutumin. Ya nemi takardar mallakar fasahar a 1934, ba don kuɗi ba, sai don ya samu ikon rufe ta. Ya kai wa ma'aikatar yaƙi ta Ingila, suka ce ba su ga dalilin ɓoye ta ba. A 1936 rundunar sojan ruwa ta karɓa ta kulle. Sai dai a lokacin bai san wane sinadari ne zai yi aikin ba. Ya ɓata lokaci kan wasu da ba su dace ba, kuma bai samu kuɗin da zai gwada su duka ɗaya bayan ɗaya ba. A farkon 1938 ya ƙaura zuwa New York, domin ya tabbata yaƙi na tafe a Turai.

Amsar ta fito daga inda ya fi tsoro. A watan Disamba na 1938, a Berlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi uraniyom da nutron suka ga abin da ba su gane ba, sai Lise Meitner, wadda ita ma ta gudu daga Jamus, da ɗan ƴar'uwarta Otto Frisch suka fassara shi: cibiyar uraniyom ce ta tsage biyu. Da labarin ya iso New York, Silard ya ranci dala 2000 ya yi hayar sinadarin radiyom, shi da Walter Zinn suka yi gwaji a jami'ar Columbia cikin watan Maris na 1939. Suka ga nutron na fitowa daga tsagewar. Ya kwana ranar da tabbacin cewa duniya ta kama hanyar baƙin ciki.

Daga nan ya shiga roƙon masana da su daina buga sakamakon bincikensu. Wannan baƙon abu ne a wancan zamani, don darajar masani tana ga abin da ya riga kowa bugawa. Enrico Fermi, ɗan Italiyan da suke aiki tare, yana ganin damar abin ya yiwu ba ta wuce ɗaya cikin goma ba, saboda haka babu abin tada hankali. Wani abokinsu, Isidor Rabi, ya nuna masa cewa in likita ya ce ɗaya cikin goma ne mutum zai mutu, ai ba wanda zai kwanta barci. Fermi ya yarda ya dakata. Amma a Paris akwai Frédéric Joliot-Curie da abokan aikinsa biyu da ke kan wannan bincike. Silard ya rubuta masa wasiƙa tun watan Fabrairu, aka bi da wayar tangaraho. Faransawan suka ƙi, suna ganin maganar ta riga ta bazu a jaridu, suka buga sakamakonsu a mujallar Nature a watan Maris da kuma Afrilu. Kwana biyu bayan fitowar na biyun, wani masani a Hamburg ya rubuta wa ma'aikatar yaƙin Jamus yana jan hankalinta kan sabon makami. Magana zarar bunu ce.

Tunda ilimin ya fita, sai hankalin Silard ya koma kan ƙarfen kansa. Jamus ta riga ta mamaye Cekoslobakiya ta hana sayar da uraniyom ɗin ma'adananta. Amma mafi kyawun uraniyom na duniya yana Afirka, a mahaƙar Shinkolobwe ta lardin Katanga, cikin Kwango da Beljiyam ke mulka. A watan Yuli na 1939 shi da abokinsa Eugene Wigner suka shiga mota suka tafi neman Einstein a gidan da yake hutu a Long Island. Niyyarsu ta farko ba ta shafi shugaban Amurka ba. Einstein ya san uwar sarkin Beljiyam, suna so ya gargaɗe ta kada a sayar wa Jamus dutsen Kwango. Daga baya shawara ta canza, aka ce a rubuta wa Roosevelt kai tsaye. Silard ya tsara wasiƙar, Einstein ya sa hannu, tana ɗauke da kwanan watan 2 ga Agusta. Ba ta isa hannun shugaban ba sai 11 ga Oktoba, bayan yaƙi ya riga ya ɓarke.

Akwai wani abu cikin wasiƙar nan da ya cancanci a tsaya kansa. Masu rubuta ta sun yi zaton bom ɗin zai yi wa jirgin sama nauyi. Hoton da suka zana wa Roosevelt shi ne na bom guda da za a ɗauko cikin jirgin ruwa, a shigo da shi tashar jirage, a tayar da shi, ya share tashar da abin da ke kewaye da ita. Wato siffar farko da aka taɓa kai wa wani shugaban ƙasa ta wannan makami, siffar hari ce ta ɓoye, ba tuta ba kaki. Wannan shi ne ainihin abin da hukumomin tsaro ke tsoro yau idan suna batun ta'addancin nukiliya, kwantena ɗaya cikin dubbai da ke shiga tashar ruwa kullum. Jim kaɗan bayan yaƙi wani ɗan majalisar dattawan Amurka ya tambayi Oppenheimer ko mutum uku ko huɗu na iya shigo da sassan bom New York a ɓoye. Ya amsa cewa suna iyawa, kuma na'urar da za ta gano su ita ce abin kwance kusoshi, a buɗe kowane akwati a duba.

Wasiƙar ba ta yi aiki nan take ba. An kafa kwamiti, aka ba shi dala 6000 kacal. Sai da rahoton masanan Ingila ya iso a 1941 ya tabbatar bom ɗin zai yiwu, sannan gwamnati ta zuba kuɗi da gaske. A tsakanin nan shugaban kampanin da ke haƙar Shinkolobwe, Edgar Sengier, ya riga ya kwaso fiye da ton dubu na dutsen ya jibge a wani sito na New York, sojan Amurka suka saye a 1942. Babban kaso na uraniyom ɗin da aka yi bama-baman farko da shi daga ƙasar Kwango ya fito.

Gudunmawar Silard a aikin kanta ba ƙarama ba ce. Don wutar ta ci gaba da ci a hankali ana buƙatar abin da zai rage wa nutron gudu, kuma suka zaɓi girafit, baƙin abin nan da ke cikin fensir. Silard ne ya gano cewa girafit ɗin kasuwa na da ɗan gurɓin sinadarin boron da ke shanye nutron, ya bi kampanoni har suka sarrafa mai tsabta. A wannan karon ya yi nasarar shawo kan Fermi, aka ɓoye sakamakon. Jamusawa suka yi nasu gwajin da girafit mai datti, suka yanke cewa ba ya aiki, suka bi doguwar hanya wadda ba ta kai su ko'ina ba. Ɓoye sirri ke nan yana sayen lokaci, ko da ba ya sayen dawwama. Ranar 2 ga Disamba na 1942, a ƙarƙashin rumfar ƴan kallo ta wani filin wasa na jami'ar Shikago, tukunyar nukiliya ta farko ta kama. Da mutane suka watse, Silard ya miƙa wa Fermi hannu ya gaya masa cewa a ganinsa wannan rana za ta shiga tarihi a matsayin baƙar rana.

Shugaban aikin, Janar Leslie Groves, ya tsane shi. Soja yana son kowa ya san ɓangarensa kawai ya rufe baki, shi kuwa Silard yana shiga kowane ofishi yana tambaya yana ba da shawarar da ba a nema ba. Groves har ya tsara takardar a tsare shi sai an gama yaƙi, sakataren yaƙi Henry Stimson ya ƙi. Aka sa jami'ai suna bin sa duk inda ya je.

A farkon 1945 ta bayyana cewa Jamus ta kusa faɗuwa, kuma ba ta da bom. Dalilin da ya sa Silard ya shiga aikin ya gushe, amma aikin bai tsaya ba. Ya shirya takarda don Roosevelt, har ya samu alƙawarin ganin matarsa, sai shugaban ya rasu ranar 12 ga Afrilu. Ofishin Truman ya tura shi wajen James Byrnes, wanda ke shirin zama sakataren harkokin waje. Suka haɗu ranar 28 ga Mayu a Spartanburg, kuma ba su fahimci juna ba ko kaɗan. Byrnes na ganin bom ɗin zai sa Rasha ta yi laushi. Ya kuma dogara da abin da Groves ya gaya masa, cewa Rasha ba ta da uraniyom, don Amurka da Ingila sun riga sun shiga saye manyan ma'adanan duniya a asirce. Silard ya nuna masa cewa dutse mai arzikin na Kwango ne ke da wuya, amma mai ƙarancin uraniyom yana warwatse a ƙasashe da yawa, kuma duk mai son bom ba zai damu da tsadar tacewa ba. Lokaci ya gaskata shi. Rasha ta gwada nata a watan Agusta na 1949, shekara huɗu kacal. Shi kansa dutsen Arlit da Akokan, wanda ya sa Nijar cikin manyan masu fitar da uraniyom a duniya, abin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A watan Yuni shi da wasu masana shida suka fitar da abin da ake kira rahoton Franck. Sun ba da shawarar a nuna ƙarfin bom ɗin a wani fili da babu kowa, gaban wakilan ƙasashe, maimakon a jefa shi kan birni. Sun yi gargaɗin cewa sirrin ba zai daɗe ba, kuma tseren makamai zai biyo baya. Sannan suka kawo shawarar da a lokacin ba ta ja hankali ba: a kafa tsarin ƙasa da ƙasa da zai riƙa lissafin uraniyom tun daga bakin rami, a san inda kowane awo ya shiga. Gwamnati ta ajiye rahoton gefe. Ranar 16 ga Yuli aka gwada bom na farko a hamadar New Mexico. Washegari Silard ya kammala takardar koke zuwa ga Truman, da sa hannun mutum 70, tana roƙon kada a yi amfani da makamin sai an bayyana wa Japan sharuɗɗan miƙa wuya a fili ta ƙi. Takardar ta bi ta hannun soja, aka jinkirta ta, aka buga mata hatimin sirri. Truman bai gan ta ba kafin 6 ga Agusta. Zuwa ƙarshen shekarar mutanen da suka mutu a Hiroshima sun kai wajen dubu 140, na Nagasaki wajen dubu 70.

Bayan yaƙi ya jagoranci masana suka yaƙi wani ƙudurin doka da zai bar makamashin nukiliya a hannun soja, kuma suka yi nasara, dokar 1946 ta ba farar hula ragamar. Daga nan ya bar fannin gaba ɗaya ya koma binciken ƙwayoyin halitta yana ɗan shekara kusan 50, ya kuma yi abin a zo a gani a can. A 1951 ya auri Gertrud Weiss, likitar da suka san juna tun Berlin, ko da yake sun daɗe kowa na garinsa.

Bakinsa dai bai mutu ba. A wani shirin rediyo na watan Fabrairu 1950 ya bayyana cewa in aka lulluɓe babban bom da ƙarfen kobal, ƙurar da za ta tashi na iya gurɓata duniya ta kashe mai rai ko'ina. Ba yana ba da shawarar a ƙera ba ne, yana so mutane su ga inda hanyar ta nufa. Ya halarci taron Pugwash na farko a Kanada a 1957, inda masanan gabas da na yamma suka zauna tare lokacin da gwamnatocinsu ba sa ga maciji. Wasu dabarunsa na wannan lokaci suna sa tsigar jiki tashi, kamar shawarar Amurka da Rasha su yi jerin biranen da suka yi daidai da juna, in rikici ya tashi a kwashe mutane a rusa ɗaya a madadin ɗaya. Masu sukarsa suka ce lissafi ya ci masa hankali. Wataƙila haka ne, amma shi yana ganin shugabanni sun tara makamin da ba su taɓa zama sun yi tunanin yadda za a tsayar da yaƙinsa ba.

A farkon 1960 ya kwanta asibiti a New York da sankarar mafitsara. Ya karanta littattafan likitoci, ya tsara wa kansa yawan hasken nukiliyar da za a gasa ciwon da shi, kuma ya warke. Yana kwance ne Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu, watanni kaɗan kafin Nijar ta samu ƴancin kai. Iska ta kwaso ƙurar zuwa ƙasashen kudu da hamada. Ghana ta riƙe kadarorin Faransa, Najeriya kuwa ta yanke hulɗa da ita a farkon 1961 bayan gwaji na uku. A watan Oktoba na 1960 Silard ya samu ganin shugaban Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, a New York. An ba shi minti 15, suka yi awa biyu. Ya kai masa tsarabar reza, ya kuma ba shi shawarar a shimfiɗa layin sadarwa kai tsaye tsakanin Moscow da Washington don kada kuskure ya jawo yaƙi. Ba a yi ba sai 1963, bayan rikicin makaman Kuba ya kusa kai duniya ga halaka. A lokacin rikicin shi kansa ya ɗauki akwatunansa ya gudu Geneva, kamar yadda ya yi a 1933, abin da ya jawo masa ba'a ba kaɗan ba.

Ya rasu cikin barci ranar 30 ga Mayu na 1964 a La Jolla ta jihar Kalifoniya, zuciya ce ta tsaya, yana da shekara 66. Bayan wata biyar Sin ta gwada nata bom ɗin, ta zama ta biyar.

Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, TNP, an buɗe ta don sa hannu a 1968 ta fara aiki a 1970, kuma ginshiƙinta shi ne lissafin nan da rahoton Franck ya nema: jami'an hukumar AIEA suna auna kaya, suna liƙa hatimi, suna duba littattafai. Ba ta toshe kowace kafa ba. Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa sun yi gwaji, Isra'ila ba ta taɓa amsa nata ba. Duk da haka ƙasashe tara ne, ba 15 ko 20 da shugaba Kennedy ya yi fargaba ba, kuma Afirka ta Kudu ta ƙera shida ta wargaza su da kanta.

Dalilin da ya sa lissafin ke da amfani yana cikin ƙarfen. A uraniyom ɗin da ake haƙowa, nau'in da ke tsagewa kashi 0,7 ne kawai cikin 100, bom kuwa yana son wajen kashi 90. Tace shi zuwa can aikin gwamnati ne, da masana'antu da shekaru. Shi ya sa garin nan mai ruwan ɗorawa da ke fita daga Arlit cikin ganguna ba bom ba ne, ko da an tara ton dubu. Hakan bai hana sunan Nijar shiga bakin duniya a 2003 ba, lokacin da aka yi amfani da takardun da ke cewa ta sayar wa Iraƙi ton 500 don share fagen yaƙi, har shugaban AIEA Mohamed ElBaradei ya shaida wa kwamitin sulhu ranar 7 ga Maris cewa na jabu ne. Bai kuma hana ƴan ta'adda kai wa ma'aikatar Somaïr harin ƙunar baƙin wake ranar 23 ga Mayu na 2013 ba, rana ɗaya da harin barikin sojan Agadas, ko da yake su ɓarna suka je yi, ba sata ba.

Inda haɗarin yake shi ne abin da aka riga aka tace. Bom ɗin Hiroshima kilo 64 na irin wannan uraniyom ke cikinsa, kuma tsarinsa na da sauƙi har ba a ga buƙatar gwada shi ba kafin a jefa. Sai kuma sinadarai irin su kobal da siziyom da asibitoci ke gasa sankara da su, waɗanda za a iya ɗaurawa jikin nakiya a watsa. A Goiânia ta Brazil a 1987, ƴan gwangwan ne kawai suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti, mutum huɗu suka mutu, aka auna fiye da dubu 100. Saboda haka ake bin irin waɗannan kaya gida-gida ana kwashewa. A 1994 an ɗauke kusan kilo 600 daga wani sito a Kazakistan. A 2017 aka cire na ƙaramar tukunyar bincike ta Ghana. A 2018 aka zo kan ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka sauya mata makamashi da wanda ba ya yin bom, tsohon kuma, wajen kilo ɗaya, aka saka shi jirgin sama cikin tsaro aka maida shi Sin inda ya fito.